Bawul ɗin Kakana da Lambar da Na Rubuta

Daminar bara ruwa ya ci ƙarfin rufin soron gidanmu da ke Mandawari. Ginin ƙasa ne tun na kakanni, azara biyu suka sunkuyo, sai Baffa ya ce a kwashe duk tarkacen da ke ciki kafin magina su zo. A wannan soron kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya shafe shekaru yana gyaran rediyo, kuma tun da ya rasu ba wanda ya taɓa kayansa. Ni aka ɗora wa aikin. Hajiya, kakarmu, ce ta yanke hukunci daga bakin ƙofar ɗakinta: "A bar wa mai gidan nawa. Ba shi ne injiniya ba? Ya je ya nuna mana abin da ake koya musu a Poli."

Kwana biyu na yi ina shaƙar ƙura. Na fito da gawarwakin rediyo irin su Philips da Grundig da Pye, masu akwatin katako, wasu gara ta cinye bayansu. Can ƙarƙashin benci kuma na tarar da kwalaye uku da gwangwanin biskit ɗaya, cike da wasu 'yan kwalabe masu ƙafafun ƙarfe, kamar ƙwan fitila amma dogaye. Wasu a naɗe da tsohuwar jarida, wasu a cikin 'yan kwalayensu na kamfani, ba a taɓa buɗewa ba. Wani ɗan jari-bola da ya ji labari ya riga ya kafa kurarsa a bakin lungu. Taransifomomin yake so saboda jan ƙarfen da ke ciki. Da na nuna masa kwalaben sai ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wannan ai gilas ne, ba ya hawa sikeli. In ka ga dama na taya ka zubarwa."

Saura kaɗan na yarda. Abin da ya hana ni kawai shi ne na ɗauki ɗaya na sa a aljihu. Da daddare na karanta rubutun jikinsa, Mullard EL84, na buga a waya. Wallahi ranar barci bai zo da wuri ba. Mutane na gani a Ingila da Jamus da Amurka da Japan suna rububin abin da aka so a taya ni zubarwa a kwata.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, bari na ɗan yi bayani. Masu gyara na da suna kiransa bawul. Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta tas aka liƙe. A tsakiya akwai siririyar waya, hita, wadda ke gasa wani ɗan bututu da ake kira katod. In katod ya yi zafi sai ya riƙa sakin elektaron, su kuma su tsallaka zuwa wani farantin ƙarfe, anod, wanda aka ɗora wa wuta mai ƙarfi. Tsakaninsu akwai raga ta siririyar waya, girid. 'Yar ƙaramar wutar da ka sa wa girid ita ke iko da babbar wutar da ke wucewa, kamar yadda yatsa biyu ke juya kan famfo su tsayar da ruwan tanki guda. Da haka raunanniyar muryar da eriya ta kamo take zama muryar da ke cika soro.

John Ambrose Fleming ne ya ƙera na farko a Ingila a 1904, sai Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa girid a 1906. Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a 1946 tana da bawul sama da 17,000. Lokacin da aka fara kafa lasifikokin rediyon waya a bainar jama'a a nan Kano, a tsakiyar shekarun 1940, da lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, bawul ne ke ɗauke da muryar. An ƙirƙiro taransisto a ɗakin binciken Bell a 1947, kuma daga shekarun 1960 ƙaramin rediyo mai batir ya fara korar babban yayansa daga kasuwa. Amma dangin bawul ba su ƙare ba. Talabijin mai ƙeya da muka taso muka gani a gidajenmu, fuskarsa babban bawul ce. Abin da ke ɗumama abinci a cikin maikurowef ma ɗan gidansu ne.

To me ya sa har yanzu ake saye? Masu kaɗa jita da masu son jin sauti ne suka riƙe shi. Amfilifayar Marshall da EL34 aka san ta, Vox AC30 kuma EL84 guda huɗu take ci, kuma masu su sun ce taransisto ba ya ba su irin wannan muryar. Masana'antun da suka rage suna ƙera sababbi 'yan kaɗan ne, akwai a Sulobakiya da Rasha da Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, aka shiga fargabar kayan Rasha za su yanke, farashi ya tashi. Su kuwa tsofaffin da aka ƙera a masana'antar Mullard ta garin Blackburn, ko na Telefunken ta Jamus, ba za a sake yin su ba har abada. Kullum raguwa suke.

Sai dai fa kada wani ya ruga gida ya fasa rediyon kakansa yana lissafin mota. Da na zauna na tantance, fiye da rabin abin da na samu ba su da wata kasuwa. Harafin farko na sunan bawul irin na Turai yana gaya maka hitarsa: E na nufin bolt 6.3, P kuma na talabijin ne galibi. Irin su PCL82 da PY81, da na rediyo irin su ECH81 da EF89, suna nan jibge a duniya, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Waɗanda ake nema su ne na sauti: ECC83, wanda Amurkawa ke kira 12AX7, da EL84 da EL34 da GZ34. A cikin kwalaye ukun nan, irin waɗannan ba su wuce talatin ba.

Nan na fahimci abu na biyu. Ciniki a intanet cinikin biri ne a sama. Mai saye yana Legas ko Landan, ba zai taɓa kayan ba, ba zai kunna ba. Hoto kawai yake gani da lambobin da ka rubuta a ƙasa. Bawul ɗin da ba a gwada ba, kuɗinsa kaɗan ne. Wanda aka gwada aka rubuta sakamakonsa ya fi shi nesa ba kusa ba. Biyu ko huɗu da aka auna aka tabbatar ƙarfinsu ɗaya, su ne masu tsadar gaske. Ashe ba gilas ake saye ba. Lambar ake saye, da yardar cewa wanda ya rubuta ta bai yi ƙarya ba.

Gwajin farko na ido ne. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. A saman kowane bawul, daga ciki, akwai wani shafe mai sheƙi kamar bayan madubi, ana ce masa geta, aikinsa shanye ɗan ragowar iskar da ta saura. In ka ga ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu, ba sai ka wahalar da mita ba. Sai ka duba tsagewa a gindi, da lanƙwasar ƙafafu. Sai ka nemi shaidar asali, don akwai masu goge sunan bawul mai araha su buga babban suna. Na Mullard da Philips suna da wasu 'yan haruffa da aka ƙona a jikin gilas can ƙasa, in layi na biyu ya fara da B to ɗan Blackburn ne. Na Telefunken kuma akwai ɗan tambari mai kusurwa huɗu da aka zubo tare da gilas a tsakanin ƙafafu. Fenti yana gogewa, waɗannan ba sa gogewa.

Gwaji na biyu na mita ne, ba tare da an kunna ba. A bawul mai ƙafa tara irin EL84, hita tana kan ƙafa ta 4 da ta 5. In mita ta ce a yanke take, magana ta ƙare. Sai ka bi sauran ƙafafun ka tabbatar ba waɗanda suka haɗe a ciki.

Gwaji na uku shi ne mai wuyar, don sai an kunna shi a yanayin aikinsa. Manyan masu sana'ar suna da na'urar AVO ta Ingila ko Hickok ta Amurka. Ni ko a mafarki. Abin da na tarar a kayan kaka wata 'yar na'ura ce mai allura da ja da kore, irin wadda ke gaya maka katod na sakin elektaron ko ba ya saki, shi ke nan, ita ma ɓera ya gama da wayoyinta. Sai na ce to, me aka koya mana a ND I? Na ciro taransifomar wani mataccen Philips, wadda ke ba da wutar anod da kuma bolt 6.3 na hita. Na sa mata dayod da kafasito, na haɗa wata 'yar hanya ta wutar girid mai maɓallin murɗawa, na ciro soket daga jikin rediyon, na kafe komai a kan falanki. Mita biyu gare ni: tawa, da wadda na aro wurin abokina.

A nan dole na ja kunne. Bolt 250 ba abin wasa ba ne, kuma kafasito yana riƙe wuta bayan an kashe soket. Ni ban ji a littafi ba, a hannu na ji. Na kashe, na kai yatsa zan gyara waya, sai ji na yi an wurgar da ni jikin bango, har Hajiya ta fito da carbi a hannu tana salati. Tun daga ranar na sa rezisto mai zuƙe wutar kafasito, ina aunawa kafin na taɓa, kuma hannu ɗaya yana aljihu.

Takardar bayanan EL84 ta ce: in ka ba anod da girid na biyu bolt 250, ka ba girid na farko bolt 7.3 ƙasa da sifili, sabon bawul zai ja miliamfiya 48. Wannan lamba ta farko ke nan. Ta biyu ita ce yadda yake jin maganar girid. Sai ka murɗa zuwa 6.8 ka rubuta, ka murɗa zuwa 7.8 ka rubuta, ka ɗebe. Bambancin bolt ɗaya ya kamata ya motsa wutar anod da kusan miliamfiya 11. Bawul na iya jan wuta sosai amma ya zama kurma, girid na magana ba ya ji. Shi ya sa na'ura mai ja da kore ba ta isa ba. Kafin ka rubuta komai kuma sai ka bar shi ya yi mintuna yana ɗumi, har allura ta daina tafiya. In ECC83 ne, bawul biyu ne a kwalba ɗaya, kowane ɓangare da awonsa.

Me ya sa ake son su zo ɗaya? Duk wanda ya taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san amsar. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. Haka bawul ɗin ƙarshe suke aiki a amfilifaya, ɓangare ɗaya na turawa, ɗaya na ja, ta cikin taransifomar da ke kai sauti sifika. In ƙarfinsu ɗaya, wutar da ke bi ta rabi biyun taransifomar tana soke juna, gurnanin wutar gida ma ya soke kansa. In ɗaya ta gaji, lugude ya ɓaci: sai gurnani ya fito, sauti ya dagule. A amfilifaya irin AC30 kuma, inda dukkan huɗun ke tarayya a rezisto ɗaya a katod, abin da rago ya ƙi ɗauka, 'yan uwansa ne ke ɗauka, su yi ta zafi.

Duk wannan na san shi. Ina so a riƙe wannan, don kada a ce rashin sani ne.

EL84 na Mullard guda biyar na samu. Ɗaya getarsa ta yi fari. Uku suka ba ni 44 da 45 da 46, kamar 'yan uku. Na huɗun kuwa, da na auna shi da yamma, 33 ya nuna. Na ce ƙila bai yi ɗumi ba. Bayan isha'i na sake, 35. A lokacin na riga na yi magana da wani mai gyaran amfilifayar makaɗa a Legas, wanda na samu a wani zauren Facebook na masu wannan harka. Huɗu cif yake nema, masu ƙarfi ɗaya, don wani mai jita da ke da wasa a ƙarshen wata. Kuɗin da ya taya ya kusa biya mini rajistar ND II gaba ɗaya. Uku kuwa ba su da amfani a wurinsa.

Wajen ƙarfe biyu na dare na farka, na ji fanka na gudu kamar za ta tashi sama. Kowa ya san wutar unguwa: da magariba, in kowa ya kunna kayansa, ƙwan fitila kamar garwashi, in dare ya raba kuma ta dawo da ƙarfinta har ta wuce kima. Na tashi na kunna falankina, na sa bawul na huɗu. Allura ta hau, ta hau, ta tsaya a 44. Na ɗauki hoton mita. Mita ta biyu tana gefe, daƙiƙa goma ta isa na ɗora ta a kan hita da anod na ga nawa suke samu. Ban ɗora ba. Na rubuta 44 a jikin kwali na koma na kwanta.

Na naɗe su da auduga da kwali biyu, na kai New Road a Sabon Gari na ba motar Legas. Kuɗi suka shigo. Na cire wani abu na saya wa Hajiya turare da goro, na dinga tafiya a makaranta kamar wanda ya ci kwangila.

Kwana biyar sai ga saƙo. Mutumin bai zage ni ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce da ya sa su ya ji gurnani, da ya kashe fitilar shago kuma ya ga farantin ɗaya ya fara yin ja-ja, sai ya yi maza ya kashe. Ya ɗora su a kan AVO ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ya turo hotuna huɗu. Uku sun zo daidai da abin da na rubuta. Na huɗun 31. A ƙasa ya rubuta da Turanci abin da ma'anarsa ita ce: ƙanena, tunda uku sun yi daidai, mitarka lafiyarta ƙalau, to ka gaya mini me ya faru da na huɗun.

Abin da ya faru a fili yake. Falankina ba shi da abin daidaita wuta, duk yadda ta shigo haka take wucewa. Da tsakar daren nan hita ta samu fiye da 6.3, anod ya samu fiye da 250. Katod ɗin da ya gaji, in ka ƙara masa zafi, yakan yi ta maza na ɗan lokaci, kamar tsohon da aka kaɗa wa gangar samartakarsa. Masu sana'ar ma da akasin haka suke kama gajiyayye: su rage wutar hita da kamar kashi goma cikin ɗari, lafiyayye zai ɗan sauka kaɗan, gajiyayye kuwa sai ya zube.

Na kai wa Baffa maganar bayan sallar asuba, ina neman wanda zai ce ba laifina ba ne. Shi ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, bai san katod ba bai san anod ba. Na ce, "Baffa, ni fa ban yi ƙarya ba. Ga hoton nan, mita ce ta nuna 44."

Ya ce, "Sau nawa ka auna shi?"

Na ce sau uku.

"Sauran biyun me suka ce?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Ɗana, mai awon da ya lotsa gindin kwanonsa, shi ma in ka ce ya rantse kwano ya cika, zai rantse, kuma ya cika ɗin. Ka mayar wa mutum kuɗinsa yau, kada rana ta faɗi."

Na mayar, har da kuɗin motar da ya biya ya dawo mini da su. Abin da na riga na taɓa sai da Yayata ta ranta mini na cike. Rajista kuwa a makare na yi ta, da kyar da jiɓin goshi, bayan Hajiya ta ba ni kwasar adashinta. Ta ce, "Ungo, mai gidan. Turaren da ka saya mini ashe ni na saya wa kaina." Mutumin Legas kuma ya rasa aikin da ya yi wa mai jita alkawari. Wannan ba abin da zan iya mayar masa ba ne.

A daren ne Hajiya ta jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ta ciro wani littafin rubutu da bangonsa ya ɓare, ta ce na duba ko zai yi mini amfani. Kundin kaka ne na shago, na shekarun 1960. Sunayen bawul da lambobi da boko, bayani kuma da ajami, sai da Baffa ya taya ni karantawa. Kowane layi da kwanan wata, da irin rediyon, da abin da allura ta nuna. A gefen wasu layukan ya rubuta "wuta ƙasa, a sake gobe". A wasu kuma, "ya gaji, na gaya wa mai shi". Mutumin da bai taɓa shiga ajin lantarki ba, da na'ura mai ja da kore, ya san cewa awo ba ya tsayawa shi kaɗai sai da yanayin da aka yi shi. Kuma ba wanda zai duba wannan littafi, don kansa yake rubutawa.

Na koma kan falanki. Na kai shi wurin malamin da ke kula da lab ɗinmu, na gaya masa komai ban rage ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zauna ya nuna mini yadda zan daidaita wutar anod da ta hita su tsaya cak ko da ta gida na rawa. Na sayi mita ta uku. Na ware lafiyayyen bawul ɗaya na mai da shi shaida: da shi nake buɗe awo, da shi nake rufewa, in lambarsa ta motsa to duk abin da na auna a tsakani na soke shi. Kowane bawul yanzu yana da kati: kwanan wata, wutar hita, wutar anod, wutar girid, abin da ya ja, yadda yake jin girid, da abin da ya nuna da na rage hita. In na auna sau uku, ukun nake rubutawa. Wanda ya gaji na rubuta ya gaji. Abin mamaki, su ma suna da masu saye, masu farfaɗo da tsofaffin rediyo suna ɗauka da araha, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da su.

Bayan wata huɗu na tura wa mutumin Legas bidiyon awon wasu ECC83 guda biyu, mita uku duk suna cikin hoto, tun daga kunnawa har allura ta tsaya. Kwana biyu bai amsa ba. A na uku ya ce na aiko, amma sai ya auna zai biya. Na ce na yarda. Ya auna, ya biya. Har yau a haka muke ciniki, kuma ban ga laifinsa ba.

'Yan uwana ɗalibai, dalilin da ya sa na kawo wannan labari mujallarmu ke nan. Abin da na yi da ƙarfe biyun dare ba a soron Mandawari na koye shi ba. A lab na koye shi, kuma ba malami ne ya koya mini ba, mu muka koya wa junanmu. Mu faɗi gaskiya: sau nawa muka yi firaktikal, sakamako ya ƙi zuwa daidai da na littafi, muka ɗan gyara lamba don layin giraf ya miƙe? Sau nawa muka auna sau biyar muka zaɓi wadda ta yi mana daɗi? Sau nawa rukuni guda ya kwafi rifot ɗin 'yan bara, har da kuskurensu? Muna cewa ai maki ne kawai, ba wanda zai cutu. Hannu kuwa sabawa yake. Ni nawa ya saba, shi ya sa ranar da kuɗi suka shiga maganar bai ko yi rawa ba.

Ni na yi sa'a, kwalba ce da kuɗin rajista. Gobe wani a cikinmu zai auna wayar ƙasa ta gidan mutane ya sa hannu, wani zai gwada ƙarfin kankaren bene, wata za ta auna ruwan da unguwa za ta sha, wani zai rufe lissafin ma'aikata. Wanda zai dogara da lambar ba ya wurin lokacin da ake awon, kamar dai mutumin Legas, kuma galibi ba shi da AVO da zai kama mu. Lambar da ta ƙi zuwa daidai, sau da yawa ita ce mai labarin. Da na tsaya na tambayi 33 ɗin nan dalilinta, da na koyi darasin katod kyauta.

In akwai tsohon rediyo a soron gidanku, kada ku bari a fasa shi don jan ƙarfe, kuma kada ku cusa shi a soket don ku ji ko yana yi, tsofaffin kafasito na iya ƙona taransifomar cikin minti ɗaya. Ku neme ni a sashen lantarki, ND II, mu duba tare, ba na karɓar ko sisi a kan awo. Bawul na huɗun nan yana kan teburina har yanzu, da kwalinsa. Na ja layi a kan 44, na rubuta 31 a gefe, amma ban goge ta farkon ba.